Madam Aljihu

A unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, in ka tsaya kana tambayar gidan Usaina Mamman, sai a yi ta kallonka kamar ka zo da baƙon yare. Amma ka ce Madam Aljihu, ko mai gawayin bakin hanya zai nuna maka ƙofar da haɓa, ba sai ya tashi ba. Malamar 'yan ajin farko ce a lakwal, wato makarantar bokon unguwar, kuma rabin samarin da ke ƙona mai a kan babura yanzu ita ta koya musu riƙe alli. Su ne suka laƙaba mata sunan tun suna da majina a hanci, ya bi ta har yau.

Dalilin sunan a jikinta yake. Doguwar riga take sawa ta yadi mara fure, mara aikin zare, yau ruwan ƙasa, gobe shuɗi mai duhu, jibi ruwan toka, da manyan aljihu biyu a gefe irin na dillalan shanu. Kallabinta a ƙeya take ɗaure shi, ƙasa-ƙasa, ta yafa mayafi ta kama hanya. Haka take zuwa aiki, haka take zuwa suna, haka take zuwa biki ko da an fitar da anko. Matan unguwa sun daɗe da yanke mata hukunci: wasu su ce rowa ce, wasu su ce ba ta san ado ba. Abin haushin shi ne masu maganar nan duk hoton da tela ya liƙa a bango shi suke sawa, ko ya karɓe su ko bai karɓe su ba. A duk Yamai da wuya a sami macen da ta sha wahalar neman abin da za ta sa a jikinta kamar Usaina.

'Yan biyu ne, ita da Hassana, a Tasawa aka haife su. Uwarsu Indo, wadda sunanta ya ɓace tun ranar aka koma kiranta Uwar Biyu, ta riƙe maganar tsofaffi hannu bibbiyu: duk abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗaya, in ba haka ba wadda aka bari za ta aiko da kunama. Uwar Biyu tana salla tana azumi, amma ba ta shirya gwada gaskiyar wannan magana a kan ƙafarta ba. Saboda haka riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, kitso iri ɗaya, har in ɗaya ta yaga zanenta a wajen wasa sai a ajiye na ɗayar, kada a ce an bambanta.

To, a cikin mutum biyu dole wani ya zaɓa, kuma Hassana ba ta taɓa jiran a tambaye ta ba. Mai baki ce, mai dariya har da buga cinya, mai son ja da ruwan ɗorawa da atamfar da furenta ya kai faranti girma. In aka kai su gaban mai atamfa sai ta ɗora hannu a kan wadda ta fi kowace ihu, ta ce, "Mu wagga muke so." Usaina ta gyaɗa kai. Ba wai an danne ta ba ne. Ita dai ba ta taɓa jin cewa akwai wani so nata daban da ya kamata ta nemo ba. Madubin gidansu ɗan guntu ne, don haka in za su fita Hassana takan ɗaura wa Usaina kallabi tukuna, ta tayar da shi sama kamar zakara, ta ja da baya ta karkace kai ta dube ta, sannan ta ce, "To, na yi kyau." Sai ta ɗaura nata.

Karatu ya kawo su Yamai. Suka kama ɗaki a Kalley, kusa da Babbar Kasuwa, inda hayaniya ba ta hutu. Nan Hassana ta samo musu tela, Isaka, Bazabarme haifaffen unguwar, mai ɗan shago da hotunan ɗinkin Dakar da Bamako da Abijan sun rufe bangonsa. Ita ke zuwa wurinsa, ita ke zaɓen ɗinki, ita ke faɗa da shi in ya saɓa alkawari, Usaina na ɗaki da littattafanta. Rana ɗaya aka ɗaura musu aure. Hassana ta auri Tanimu, ma'aikacin gona, suka tare a unguwar Koira Kano. Usaina ta auri Sulaiman, direban wata ma'aikata, suka zauna a Dar es Salam. Nisan gida bai raba kayan ba. Da safe waya za ta yi ƙara, Hassana ta ce, "Yau mai tsuntsayen nan za mu sa," ko da ba za su haɗu ba ranar. Abu ɗaya ne Allah bai yi musu iri ɗaya ba: Hassana ta haifi 'ya, Kadi, Usaina kuwa shiru.

Kadi na da shekara huɗu Hassana ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta. A zaman makoki Usaina ta fara gane irin halin da ta shiga. Wata tsohuwa maƙwabciya ta shigo da kwanon abinci tana cewa "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyyar Zabarmawa, ta ɗaga ido ta ga fuskar wadda aka binne jiya zaune a kan tabarma cikin zanen da ta san ta da shi, kwanon ya suɓuce mata. Tanimu in zai gaishe ta bango yake kallo. Bai daɗe ba ya nemi a mayar da shi aiki Diffa, aka bar Kadi a hannun Usaina. Kafin Uwar Biyu ta koma Tasawa, yarinyar ta dame ta da tambaya, sai tsohuwar ta yi abin da aka saba yi wa yara, ta ce mata, "Mamanki ta tahi Makka, za ta dawo." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta tafi ta bar wa wata aikin.

Kullum da tsakar rana, in an tashi daga lakwal, Usaina za ta turo ƙofar gida da sallama. Kadi na zaune a bakin ɗaki tana wasan girki da gwangwanayen tumatir. Sai ta ɗaga kai, ta watsar da komai, ta zo a guje tana kiran "Mama", ta rungume ƙafafunta ta cusa fuska cikin zane. Can sai ta ji warin alli maimakon turaren da ta sani. Ta ɗago ta duba. Hannuwan su saki a hankali. "Ba ke ba ce," za ta ce, ta koma wurin gwangwanayenta, abincin rana kuma sai an yi da gaske. Kama da wane ba ta wane ba ce, amma je ka faɗa wa 'yar shekara huɗu.

Gaskiyar da Usaina ba ta gaya wa kowa ba ita ce wannan gudun yana yi mata daɗi. Mace ce da ba a taɓa rugowa a rungume ta haka ba, kuma a ɗan lokacin nan kafin hannuwan su saki takan ji kamar an ba ta duniya. Bayan nan sai kunya ta kama ta, kamar wadda ta karɓi saƙon da ba nata ba. Sulaiman ne, mutumin da magana ke masa tsada, ya fasa ƙwan wata rana yana wanke hannu.

"Usaina, wagga yarinya kullum sai uwarta ta mutu mata da rana tsaka," ya ce. "Duk kayan da ke cikin akwatinki ta san su a jikin marigayiya. Ki sake kaya, ta gane ki tun daga ƙohwa."

Ta ga gaskiyarsa, kuma a ganinta abin mai sauƙi ne. Me ya fi nisa da Hassana? Baƙi. Ta shiga Babbar Kasuwa ta sayi abaya baƙa wuluk da gyalenta, ta sa ta tafi aiki, ta dawo ta turo ƙofa tana ganin ta yi dabara. Ta manta da maganar Uwar Biyu, ta manta kuma cewa yarinyar ta ga yadda hajiyoyin unguwa ke dawowa daga aikin hajji. Ranar Kadi ba wurinta ta fara zuwa ba. Ta wuce ta a guje ta fita waje tana shela wa maƙwabta, "Mamana ta dawo daga Makka!" Sannan ta dawo ta haye jikinta tana tambayar dabino da zamzam. An daɗe ranar kafin hannuwan su saki, da suka saki kuma zazzaɓi ya rufe yarinyar. Usaina ta naɗe abayar ta miƙa wa wata maƙwabciya ta kan katanga, ba ta ko son ta kwana a gidan.

Daga nan ta shiga yawon da ya ci mata kusan shekara. Ta ce tunda na Larabawa bai yi ba, bari ta gwada na Nasara. Ta je wurin 'yan gwanjo, waɗanda a Yamai ake ce wa bosho, ta zaɓo siket da kwat da takalmi mai tsini irin na matan banki. Duk wanda ya san rairayin Dar es Salam ya san ba a yi shi don tsini ba. Ta isa lakwal tana tafiya kamar mai taka ƙaya, gumi ya jiƙa kwat ɗin, shugaban makaranta ya miƙe tsaye yana gyara wuyan riga don ya zaci baƙuwa ce daga ma'aikatar ilimi. Yara suka yi dariya har da masu faɗuwa daga benci. Duk da haka ta daure, don ba don su ta sa ba. Da ta turo ƙofa Kadi ta tsaya ta yi mata kallon mamaki, har Usaina ta fara murna. Sai yarinyar ta rugo tana dariya tana cewa, "Mama, mi ya sa kika sa kayan anasara?"

Ta gwada shadda galila ta mutanen Mali, babbar riga mai ƙara kamar ana murza takarda, wadda hannunta ke share allo kafin yara su gama kwafa. Ta gwada leshi mai duwatsu. Ta gwada ɗinkin matan Senegal mai sauke kafaɗa, Sulaiman ya dube ta ya dubi ƙasa, ta koma ta cire. Ta gwada lafaya irin ta matan gabas, ta warware mata a kan babur ɗin haya, ta kusa shiga taya. Ta bi teloli uku a unguwanni uku, kowa ya buɗe mata littafin hotuna ta nuna. An gudu ba a tsira ba: duk abin da yatsanta ya sauka a kai, in ka duba da kyau, abin da Hassana za ta yi tsalle a kansa ne. Kadi kuwa ba ta fasa gudu ba, don uwarta dama mai sake kaya ce, sabon ɗinki ba ya ba ta mamaki.

Akwai kuma maganar madubi. Duk sabon kayan da ta kawo, in ta sa ta tsaya gaban madubin ɗakinta, ba kanta take gani ba. Hassana take gani tana gwada kaya, saura kawai ta karkace kai ta ce ta yi kyau. Usaina takan daɗe a wurin, wani lokaci har tuwo ya kama a tukunya. Ta san da cewa rabin sayen nan ba don Kadi take yi ba, don ta ƙara ganin 'yar'uwarta ne. Kewarta ta kai inda in ta ji abin dariya a lakwal sai ta ɗauko waya, ta tuna, ta mayar.

Isaka ne kawai ta ƙi zuwa wurinsa, don ba ta iya shiga layin nan na Kalley. Da dabara ta ƙare mata sai ta daure ta je, da turmin atamfa a hammata. Yana ganinta ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya ce, "Kala suru, Madam. Sai haƙuri." Ya share mata benci da hannun riga.

"Baba Isaka," ta ce, "so nike ka ɗinka mini abin da in an gan ni ba za a ce Hassana ba ce."

Ya karɓi atamfar ya buɗe. Ja ce, da furanni ruwan ɗorawa manya-manya. Ya dube ta ta saman tabarau. "Wa ya zaɓi wannan?"

"Ni."

"A'a. Marigayiya ce ta zaɓa, da hannunki." Ya ninke ta ya ajiye gefe. "Kuma ni, Madam, ko awonki ba ni da shi. Ita kaɗai nake aunawa, in yanka biyu. Ta ce duk ɗaya ne, ni ma ban yi gardama ba, wa zai yi gardama da ita?"

Ya miƙa mata zaren awo, yana gaya mata inda za ta ɗora tana karanta masa. Ashe hannunta ya fi na Hassana tsawo da kamar yatsa biyu, kafaɗarta kuma ba ta kai tata faɗi ba. Usaina ta tsaya riƙe da zaren. Tun tana budurwa take jan hannun riga ƙasa, har Hassana na mata tsiya cewa ta cika ƙaƙale, ita ma ta ɗauka wata ɗabi'a ce kawai.

"To, wane launi kike so?" in ji Isaka.

"Muna son..." ta fara, sai ta tsaya. Mace mai aure, mai takardar koyarwa, mai aji cike da yaran da take tambaya kullum su faɗi launin da suka fi so, ga ta zaune a bencin tela ba ta san nata ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su. Isaka ya koma kan kekensa ya ci gaba da ɗinkin wani don kada ta ji kunya. Da ta tashi tafiya ya ce, "Kar ki dubi bangon nan, ba ki ciki. Ki je, ran da kika sani ki dawo. Shago ba ya gudu."

Ba a kasuwa ta samo amsar ba, a cikin aji ne. Wata safiya tana riƙe da alli a hannu ɗaya, makullin kabad a ɗaya, ga wani yaro ya faɗi yana kuka yana son a ɗauke shi, ta rasa inda za ta ajiye komai. Sai ta tuna da rigar babansu. Malam Mamman yana da wata tsohuwar riga ruwan ƙasa da yake zuwa kasuwa da ita, mai aljihu kamar rijiya. In ya dawo, Hassana wuyansa take hayewa tana ba shi labari. Usaina kuwa gefensa take raɓawa shiru, ta zura hannu cikin aljihun har gwiwar hannu, ta lalubo ƙuli-ƙuli ko dabino, wani lokaci ba komai sai ɗumin jikinsa, kuma ko hakan ya ishe ta. A duk yarintarsu wannan ne abin da ta tuna tana yi ita kaɗai, ba wanda ya ce ta yi.

Ta sayi yadi ruwan ƙasa ta kai Kalley. Ta ce doguwar riga, ba fure ba aiki, hannu har wuyan hannu, aljihu biyu. Isaka ya ce mace da aljihun 'yan kasuwa, ai sai a yi masa dariya a layin teloli. Ta ce ya zurfafa su. Shi ne karo na farko da ta yi gardama da tela, kuma ta ji daɗin yin ta.

Ranar da ta fara sawa ta ɗaura kallabi a ƙeya, don dama ɗaurin sama ba ita ke yi wa kanta ba. Da tsakar rana ta turo ƙofa da sallama. Kadi ta ɗaga kai daga gwangwanayenta, ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta kira ta yadda ake kiran 'yar'uwar uwa, ta ce, "Tanti, sannu da zuwa." Ta ci gaba da girkinta na ƙasa.

Usaina ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa cikin aljihu. Abin da ta yi shekara tana nema ke nan, ta samu, ba kuma wanda ya rugo. Ta wuce ɗaki ta dubi madubi, ta ga wata siririyar mace mai sanyin fuska wadda ba ta saba da ita ba. Rigar ta zauna mata, kafaɗa daidai, hannu daidai, ta kuma san tana sonta. Amma Hassana ba ta cikin madubin. Ranar ce ta yarda har cikin ranta cewa 'yar'uwarta ta mutu, ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba. Tana cikin haka ta ji an raɓo ta. Kadi ce ta shigo ba motsi, ta ga baki a gefen riga, ta zura hannu don ta ga me ke ciki. Ta fito da guntun alli da alewa ɗaya da Usaina ta ƙwace a hannun wani yaro a aji.

Tun daga nan ya zama ƙa'ida. Da tsakar rana yarinyar za ta taso, da tafiya ba da gudu ba, ta zura hannu a aljihu, ita kuma Usaina ba ta yarda ta dawo da shi wayam. Da hankalin Kadi ya ɗan kwanta ta zaunar da ita ta gaya mata gaskiya, cewa Mama ba Makka ta je ba, kuma ba a dawowa daga inda ta je. Ba wanda zai iya cewa ga ranar da "Tanti" ta koma "Inna" a bakin yarinyar. Tsofaffin kayan kuwa duk ta rabar, in ban da guda ɗaya: atamfa ja mai tsuntsaye ruwan ɗorawa da Hassana ta ɗinka musu don sunan jaririn da bai zo ba. Ba a taɓa sa ta ba. Tana ƙasan akwati, Usaina ba ta ɗaukowa, ba ta kuma bayarwa.

Bana Kadi ta gama jami'a, ta kuma kawo miji, Huzaifa, wani malamin lissafi ɗan Tawa mai yawan sunkuyar da kai. Gidan ya cika da maganar anko, ƙawayen amarya na ta turo hotunan ɗinki ta waya, kowace da irin nata, Usaina na jin su tana murmushi kamar mai kallon ruwan da ta riga ta haye. Ana saura 'yan kwanaki biki, bayan la'asar, gidan ya yi shiru. Kadi na zaune a bakin ɗaki da tsofaffin hotuna a cinya. A kowane hoto mata biyu ne, fuska ɗaya, kaya ɗaya. Tun tana ƙarama take tambayar wace ce wace, akwai kuma hotunan da Usaina da kanta sai ta yi tunani.

"Inna, ina da roƙo," ta ce, ba ta ɗago ba. "In ya yi miki nauyi ki bari."

"Ina jin ki."

"Na san akwai kayan nan a ƙasan akwati. Ki sa su sau guda, ki hita waje, ki shigo da sallama." Ta shafa hoton da ke cinyarta. "Na san ba ita ba ce, ni ba yarinya ba ce yanzu. Amma na yi ta jiran ta shigo ƙohwar nan, ba ta shigo ba. Ina son in gani kahin in bar gidan."

Usaina ta dube ta. Shekara goma sha takwas ta yi tana kare yarinyar nan daga wannan ganin, yau ga ta tana roƙonsa da bakinta. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Atamfar na nan da ƙamshin akwati, jan bai koɗe ba. Rigar ta ɗan kama ta a ƙugu, kafaɗa ta yi mata yawa, hannu ya tsaya inda ya saba tsayawa, ta ji kanta tana jan sa ƙasa. Kallabin ne ya ba ta wuya. Ta rufe ido ta tuna yadda yatsun Hassana ke bi ta bayan kunnenta su murɗa su tayar, ta bi su, a karo na uku ya tsaya. Ba ta dubi madubi ba. Ta fita ta ƙofar baya ta zagayo ta layi. Mai gawayi, wanda bai taɓa barin ta wuce ba gaisuwa, ya bi ta da ido, bai gane ta ba. Ta tsaya a ƙofar gidanta kamar baƙuwa, ta ja numfashi, ta tura ƙofar da ƙarfi har ta bugi bango, ta rangaɗa sallama irin ta Hassana, wadda maƙwabta ke amsawa.

Kadi ta miƙe, hotunan suka zube. Ta fara takowa a hankali, hannu a baki. Da ta zo tsakiyar gida sai ta ruga, babbar mace mai shirin aure, ta faɗa jikinta ta cusa fuska a kafaɗarta tana kuka. Usaina ta riƙe ta tana jiran abin da ta sani, wato hannuwan su saki. Ba su saki ba. Sai ta ji sun gangara ta gefenta, dama da hagu, suna lalube a jikin atamfar, suna neman bakin da babu shi. Kadi ta tsaya. Ta yi wata 'yar dariya cikin hawaye.

"Na gani, Inna. Na gode. Ashe kyakkyawa ce." Ta goge fuska da bayan hannu. "To, je ki sa taki. Ran biki ma da ita nike so ki sa mini albarka, ƙawaye su yi ta ankonsu."

Usaina ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Rigarta ruwan ƙasa na rataye a ƙusa, ta miƙa hannu za ta ɗauko, sai idonta ya faɗa kan madubi. Ga ta nan, cikin ja da tsuntsaye, kallabi a tsaye. Sai dai akwai furfura a gefen kunne, da layuka a gefen baki waɗanda marigayiya ba ta tafi da su ba. Usaina ta matsa kusa, ta karkace kai kaɗan, ta cikin madubin ma ta karkace.

"Ashe haka za ki tsuhwa, Hassana," ta ce a hankali. "Ɗiyarki za ta yi aure. Yaron kirki ne, sai dai ba shi da magana, da kin cinye shi."

Daga tsakar gida Kadi ta kira ta, ta ce ƙawaye sun iso da lalle.

"Ina zuwa," in ji Usaina. Ba ta motsa ba tukuna, akwai sauran labari da yawa da ba ta ba ta ba.